Tseren da Yake Ƙarewa a Gindin Dutse

A arewa maso yammacin Ingila, a yankin tafkuna, akwai wani ƙauye da ake kira Grasmere. Kowace shekara a watan Agusta mutanensa sukan yi bikin wasanni, al'adar da suka gada tun ƙarni na 19. Abin da ya fi jan idon jama'a a ranar shi ne tseren dutse: a tashi daga fili, a haye dutsen da ke bisa ƙauyen, a kewaya tuta a can sama, a gangaro. Nisan bai wuce kilomita biyu da rabi ba, hawan kuwa kimanin mita 270 ne. A 1978 Fred Reeves ya je ya dawo cikin minti 12 da daƙiƙa 21.

A irin wannan tsere a ƙasar ba samari kaɗai ke shiga ba. Wanda ya kai shekara 40 akan sa shi a rukunin manya, akwai kuma rukunin 50, da na 60, har da na 70, amma duka wuri ɗaya suke tashi. Mai furfura ya san ba zai zo na fari ba. Kafin ya hangi tuta, sa'o'in 'ya'yansa sun riga sun wuce shi suna gangarowa. To, me ya kai shi? Ba girman kai ba ne, irin na wanda ya ƙi yarda rana ta yi yamma?

Wannan zargi yana da nauyi, gama jiki magayi ne. Iyakar bugun zuciyar mutum takan ragu da kusan bugu ɗaya kowace shekara, naman cinya kuma yakan saki. A doguwar tafiya haƙuri da sanin hanya sukan rufa wa tsoho asiri. Joss Naylor, makiyayin tumaki na wannan yanki, ya hau duwatsu 70 cikin ƙasa da sa'a 21 a 2006, yana da shekara 70. Gajeren tsere kuwa ba ya rufa asirin kowa. Ba wurin hutawa, ba lokacin dabara, abin da ke ƙirjinka shi za a gani.

A ganina, 'yan'uwa, girman kan ba a shiga tseren yake ba. Abokin hamayyar dattijon nan ba yaron da ke gabansa ba ne, shi kansa ne na shekara ashirin da suka wuce, wanda lokacinsa ke rubuce a zuciyarsa. In ya bi wancan mutum, zai tashi da gudun da ƙirjinsa ba zai iya biya ba, a tsakiyar hawa a same shi dafe da gwiwa yana haki. In kuwa ya auna ƙarfin da Allah ya ba shi yau, ya kashe shi duka bai rage ba, wa zai ce masa mai fahariya?

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana tsofaffi biyu. Kalibu ɗan Yefunne yana da shekara 85 ya tsaya gaban Joshuwa ya roƙi ƙasar tuddai, inda Anakawa suke da biranensu masu garu, aka kuwa ba shi Hebron (Joshuwa 14). Barzillai mutumin Gileyad yana da 80 sa'ad da sarki Dawuda ya gayyace shi Urushalima domin ya sāka masa alherin da ya yi masa a kwanakin tawayen Absalom. Ya ƙi. Ya faɗa wa sarki a fili cewa harshensa da kunnensa sun gaji, ya miƙa Kimham a madadinsa, ya koma garinsu (2 Sama'ila 19). Mu masu wa'azi mun fi son Kalibu, domin labarinsa ya fi daɗin faɗa daga bagade. Amma Nassi bai tsauta wa Barzillai ba. Kowannensu ya faɗi gaskiya game da jikinsa, ɗaya bai ƙara ba, ɗaya bai rage ba.

Akwai wani abu kuma da mai kallo daga nesa ba ya lura da shi. Tseren ba ya ƙarewa a tuta. Wanda ya kai ƙwanƙolin dutse rabin aiki ya yi, a gindi ake rubuta sunan wanda ya gama. Gangara kuwa ita ce ta fi cin tsoho, domin cinya ce ke tare nauyin jiki a kowane taku, gwiwa na ƙara, ido kuma ba ya saurin zaɓen inda ƙafa za ta sauka. Dole ya gajarta taku, wani lokaci ya ratse gefe ya ba na bayansa hanya.

A ikkilisiyoyinmu mun iya koya wa mutane hawa. Saukowa ce ba mu cika koyarwa ba. Nawa ne cikin dattawa, da shugabannin zumuntar mata, da mu fastoci, suka kai tuta suka rungume ta, har majalisa ta shiga raɗa, matasa suka gaji da jira suka watse? Mutumin da ya yi shekara talatin yana hidima da aminci yana iya ɓata ta a shekara uku na ƙin sauka.

Ko Kalibu da ya roƙi dutse bai ci dukan biranen da hannunsa ba. Da ya kori 'ya'yan Anak uku daga Hebron, ya fuskanci Kiriyat-sefer, sai ya yi shela cewa duk wanda ya ci birnin zai ba shi 'yarsa Aksa aure. Otniyel ɗan Kenaz ne ya ci shi, shi ne kuma daga baya ya zama na fari cikin mahukuntan Isra'ila.