Mai Tallar Kujerar Taro: Ina Iyakar Yabon Haja?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata sana'a da ta yaɗu a manyan birane, watau aikin talla a kamfanonin da ke shirya tarurrukan 'yan kasuwa. Ma'aikaci ya kan wuni yana buga waya, yana neman wanda zai sayi kujera a zauren taro, ko ya kama rumfa a fili irin na Kasuwar Baje Kolin Duniya ta Kaduna, wadda aka fara ci a 1979. Sau da yawa albashinsa kaɗan ne, la'ada ce ke riƙe da gidansa. To, ina iyakar abin da ya halatta ya faɗa don ciniki ya faɗa?

Asalin sana'ar halal ne. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Ukaza da Majanna da Zul-Majazi kasuwanni ne tun Jahiliyya, da Musulunci ya zo sai mutane suka ji tsoron zunubi in sun yi ciniki a lokacin aikin Hajji, aka saukar da aya ta 198 ta Suratul Baƙara ta ɗauke musu wannan damuwa. Haka kuma ya ambata cewa Ibnu Sirina da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifin ladan dillali ba.

Hatsarin yana cikin irin hajar. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi don bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Mai sayen hatsi yana iya cusa hannu. Amma wanda ya biya kuɗin taro wata uku kafin ranar, ba shi da abin dubawa sai maganar mai talla. Ashe harshen mai talla shi ne mudunsa, kuma yana iya yin tauye da shi.

Idan ya ce minista zai halarta alhali wasiƙar gayyata kawai aka aika, ya ɓoye danshi. Idan ya ce kujera uku ta rage alhali rabin zaure fayau ya ke, ya yi ƙarya. Idan kuwa ya ce wa mutum abokin gasarsa ya riga ya kama rumfa, don dai ya tsorata ya biya, ya kusanci najashu, wanda Imamu Malik ya bayyana a Muwaɗɗa da cewa mutum ya ƙara farashi ba da niyyar saye ba, sai don wani ya bi sahunsa.

Mai wannan aiki yana iya cewa shi bawan umurni ne, an yanka masa adadin da zai sayar a wata, in ya gaza a sallame shi, ga iyali suna jira. Ya ƙara da cewa gobe ta Allah ce, watakila ministan ya zo. Lalle matsin gaskiya ne, kuma maigidan da ya yanka adadin da ba a cimma sai da ƙarya yana da nasa kason na alhaki. Amma ba a yi wa mahaluki biyayya cikin saɓon Mahalicci. Ba a kama mai talla da laifin rashin sanin gaibu, ana kama shi ne da sayar da fata da sunan tabbas. Ya kuma tuna da madukin da ya ci bashi ya kama rumfa, ya wuni ba mai taya jakarsa. Shi ma yana da iyali.

Mafita ita ce ya bambanta wanda aka gayyata da wanda ya amsa, ya faɗi yawan mutanen da suka zo bara yadda ya ke, ya kuma bayyana sharaɗin mayar da kuɗi in an fasa taro. Bayan wannan, ya yabi hajarsa iyakar iyawarsa.

Abu Dawuda ya ruwaito daga Ƙaisu ɗan Abi Garaza cewa Annabi (S.A.W.) ya hori dillalai su gauraya cinikinsu da sadaka, saboda yasasshiyar magana da rantsuwa da ke shiga ciki. Amma kuɗin da aka karɓa da yaudara, hakkin mai shi ne, sai an mayar masa ko ya yafe.

Allah Ya sa a dace, amin.