Dodon da Hannun Mutum Ya Tayar

Godzillar da na fara gani ta Amurka ce, ta 1998, a kaset ɗin bidiyo a ɗakin yayana. Wani ƙaton ƙadangare ya shiga New York yana ɓarna, sojoji suka bi shi da makamai har suka kashe shi a kan gadar Brooklyn, muka yi tafi, muka tashi cin tuwo. Sai da na girma na kalli ta asali, wadda Ishiro Honda ya shirya wa kamfanin Toho a 1954. Ran nan jikina ya yi sanyi, na kwana ina tambayar kaina: in bala'i ya sauka wa mutane, wa ke da alhakinsa?

Lokacin da aka yi fim ɗin, shekara tara kacal da jefa bam a Hiroshima da Nagasaki. Ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada bam ɗin haidirojin a Bikini, tokarsa ta zubo wa wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23. Mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu a watan Satumba, fim ya fito a Nuwamba. Shi ya sa Honda bai kawar da kyamara daga asibiti ba, inda ake kara wa yara na'urar auna gubar nukiliya. Akwai wata uwa da ta rungume 'ya'yanta, wuta ta zagaye su, tana lallashinsu da cewa sun kusa iske babansu. Dakta Serizawa, wanda ya kashe dodon, ya ƙona takardun makamin da ya ƙera, ya nutsa da shi cikin tekun Tokyo, ya yanke igiyar da za a jawo shi da ita, don kada wata rana a tilasta masa ƙera wani. Ya ɗauki iliminsa amana, ya tafi da shi kabari.

Hollywood tana da hanyarta ta ba da labari: jarumi guda, iyalinsa cikin hatsari, maƙiyi daga waje, nasara a ƙarshe. Mu ma mun san irinsa, haka Bayajida ya sare kan macijin Kusugu, gari ya sha ruwa. Amma mutanen Daura ba su suka jefa macijin a rijiya ba. Godzilla kuwa bam ɗin ɗan Adam ne ya tashe shi, kuma labarin jarumi ba shi da wurin ajiye irin wannan laifi. Tun a 1956 aka yanke sassan fim ɗin Honda don kasuwar Amurka, aka cusa Raymond Burr a matsayin ɗan jarida. A fim ɗin 1998 aka ɗora laifin kan gwajin bam na Faransa. A fim ɗin Gareth Edwards na 2014 aka ce ai gwaje-gwajen bam irin na Bikini yunƙurin kashe dodon ne.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne na 2019. Nan ma akwai Serizawa, Ken Watanabe ne ya fito a matsayinsa, riƙe da agogon mahaifinsa da ya tsaya ranar Hiroshima. Shi ma ya ba da ransa a ƙarƙashin teku, amma don ya tayar da bam ɗin nukiliya ya farfaɗo da Godzilla. Cutar ta koma magani.

Malaman tafsiri in sun zo aya ta 41 a Suratur Rum sukan tsaya su nuna cewa ɓarnar da ake gani a tudu da teku tana da hannun mutane a ciki, kuma ɗanɗana ta hanya ce ta komawa ga gaskiya. Honda ba musulmi ba ne, amma fim ɗinsa ya tsaya daidai wurin nan: mai laifi ya ga aikinsa, ya tsorata. Labarin da ya wanke mai laifi ya rufe masa ƙofar tuba, ko da kuwa ya ba shi nishaɗi.

Ɗan'uwa, in 'ya'yanka sun matsa sai sun kalli Godzilla, fara zaunar da su a gaban ta 1954, ka gaya musu abin da ya sami masuntan nan 23.