Tsumman da Ƙasa ta Ƙi Ci

A karanta Farawa 2:8-15 da Kubawar Shari'a 8:1-4.

In mutum ya tashi daga Daura ya yi gabas, ya wuce Zango da Baure, zai kai Babban Mutum a bakin iyaka, inda hanya ta ke ƙetarewa zuwa Magarya ta ƙasar Nijar. Ƙasar jigawa ce, ba ta ba da amfani sai an ciyar da ita. Sabo da haka da bazara, kafin ruwa ya sauka, manoma su kan kwashe taki daga turke da juji, su kai gona da jaki da amalanke, su zuba tsibi tsibi. Mun bi wannan hanya a irin wannan lokaci, muka tsaya a bakin wata gona. Ga kashin awaki, ga toka, ga kara, duka abincin ƙasa ne. Amma a cikin kowane tsibi akwai leda, akwai kuma tsummoki masu sheƙi. Mai gonar ya ɗaga wani tsumma da bakin fartanya, ya ce da mu bara ma ya gan shi, ya binne, ga shi ya sake fitowa da launinsa. Gara ba ta taɓa shi ba, ƙasa kuwa ta ƙi cinsa.

A zamanin kakanninmu ba haka tufa ta ke ba. Mutum ya kan shuka auduga a gefen gonarsa. Mata su gurje ta, su shiɓe, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa fari ko saƙi ko gwado, marini ya tsoma cikin rijiyar da ya haɗa da baba da toka. Anguryar da ta fita ta zama iri, ta zama abincin shanu. Ko katsin da aka kwaso daga gindin marina ba a yar da shi, da shi a ke haɗa laso. Sa'ad da Bajamushen nan Barth ya iso Kano a 1851, ya yi mamakin yadda tufafin Kano su ke kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Irin wannan riga, in uba ya gama da ita ta kan koma taguwar ɗa, daga nan ta zama gammo ko matatar koko. A ƙarshe ta faɗi juji, damina ɗaya ko biyu ta koma ƙasa inda ta fito.

To, mene ne tsumman nan na gona? Sunansa foliyesta, mu kan ce da shi yadin roba. A Ingila aka ƙirƙiro shi a 1941, daga man fetur a ke yinsa, ɗan'uwan gorar roba ne. Yau fiye da rabin zaren da a ke yi a duniya shi ne. Yana da araha, ba ya yamutsewa, yana bushewa da sauri, don haka ya cika kasuwanninmu, sabo da gwanjo. Masaƙar Kaduna ta fari, wadda aka buɗe a 1957, ta tsaya a 2002, waɗansu da yawa suka bi ta. Masaƙa da marina na ƙauye kuwa sun riga sun yi ƙaranci tun kafin wannan.

Wani zai ce, ina ruwan ekklesiya da maganar yadi? Bari mu duba Littafi. Sa'ad da Ubangiji Allah ya sa Adamu cikin gonar Adnin, aiki biyu ya ba shi, nome gonar da kiyaye ta. Mu kan tuna da na fari gama ciki yana tuna mana, na biyun ne mu ke mantawa. Gonar nan ta Babban Mutum amana ce a hannun mai ita, haka kuma akuyarsa. Ku tambayi mahauta abin da su ke fitarwa daga tumbin awaki da tumaki: leda da tsumma a dunƙule, dabba tana ci tana ramewa. Wanda ya yar da tsumman bai san akuyar ba, amma Mahaliccinta ya san ta.

Musa ya tuna wa Isra'ila cewa shekara 40 a jeji tufafinsu ba su tsufa a jikinsu ba. Wannan alheri ne, riga ta daɗe a jikin mai ita. Tamu ta juya. Ba ta cika shekara a jiki ba ta koɗe, ta yage, mun gaji da ita, sa'an nan ta je ta yi shekaru a gonar maƙwabci.

A nan wajibi ne mu da mu ke shugabanni mu fara furta namu laifi. Wa ke zaɓen anko? Kowane taron shekara da nasa zane, Kirsimeti da nasa, bikin aure da nasa, jana'iza ma yanzu da nata. Sau da yawa mu kan ɗauki mafi araha da sheƙi, mu sa a buga aya a kai, mu ɗora wa gwauruwa da matar manomi su saya ko da bashi, don kada su ji kunya a cikin 'yan'uwa. An ɗaura sau uku, an jefa a akwati, gama wani ya fito. Ku yi tunani, wata rana zanen nan da ayar da ke kansa za su kwanta cikin tsibin taki, ba kuwa za su ruɓe ba. Ubangijinmu, bayan ya ƙosar da mutum 5,000, ya sa almajirai su tattara gutsattsarin da suka ragu don kada a yi hasara. Shi da ya iya yin gurasa da magana bai yarda da ɓarna ba, balle mu.

Kada kuwa mu yi wa auduga shaidar da ba ta cancanta ba. Inda aka noma ta da haɗama ita ma ta yi ɓarna. Tekun Aral, tsakanin Kazakistan da Uzbekistan, ya kusa ƙafewa, gama tun daga wajen 1960 aka karkatar da kogunan da ke ciyar da shi zuwa gonakin auduga, har jiragen masunta suka rage a kan yashi. Tamu audugar ruwan sama ta ke sha, amma maganin ƙwarin da a ke fesa mata ba abin wasa ba ne. Ashe ba yadin kaɗai ne ke da laifi ba, har da zuciyar da ba ta cewa ya isa.

Kada kuma kowa ya ɗauki wannan magana ya yi wa matalauci bulala da ita. Wanda ya sayi gwanjo don ya rufe 'ya'yansa da hunturu bai yi zunubi ba, ya ma ƙara wa rigar kwana. Maganarmu tana ga mai riga goma da ke neman ta goma sha ɗaya. Ku tuna da Dokas ta Yafa: da ta mutu, gwauraye suka tsaya suna kuka, suna nuna wa Bitrus riguna da ta ɗinka da hannunta. Allura da zare ba su ƙare a kasuwa ba. Yarinyar da aka koya wa yin faci da rage riga a ajin mata ta sami sana'a, gidansu kuma ya huta.

Ga abin da mu ke roƙon dattawa da Zumuntar Mata su tattauna kafin taro mai zuwa. A bar zane ɗaya ya yi shekara uku ko fiye, kada a tilasta wa kowa. In za a saya, a zare zare guda daga bakin yadin, a kusantar da shi ga ashana. Na auduga ya kan ci, ya bar toka mai laushi da ƙaurin takarda. Na roba ya kan narke, ya dunƙule ya yi tauri, haka kuwa zai narke a jikin mace in gefen zanenta ya kama a bakin murhu. In akwai masaƙi ko marini da ya ragu a yankinku, Kirista ne ko Musulmi, ku kai masa aikin gwado ko mayafin teburin jibi, ku biya shi ba tare da ja-in-ja ba. Tsofaffin tufafi masu sauran amfani kuwa a tara su wurin matar fasto kafin sanyi ya shigo.