Wa ke bin wani bashi?



Kowane ɗan kasuwa a cikinmu yana da littafin bashi, don haka tambayar yau ba baƙuwa ba ce. A ce maƙwabcinka ya karkato ruwan kwatarsa ya cika maka shago, buhunan masara suka jiƙe. Washegari sai ga shi da littafi, wai lokacin biyan kuɗinsa ya yi. Za ka ƙirga masa, ko za ka ce a fara lissafin ɓarnar?

Halin da ƙasashe irin namu ke ciki ke nan. Cikin hayaƙin da ke ɗumama duniya, rabon Afirka gaba ɗaya bai wuce kashi 4 cikin 100 ba. Amma ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu, har da ƙauyukan bakin Binuwai na jihar nan. Gaskiya sakin ruwan dam ɗin Lagdo da rashin magudanai sun ƙara abin. To amma damina ta rikice, ku tambayi waɗanda kuka baro a Katsina da Sakkwato.

Lissafin ma ya girmi hayaƙi. A nan Keffi, a 1902, Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya nufi Kano. Lugga ya kafa hujja da wannan, ya ci Kano a 1903. Daga baya aka shimfiɗa dogo, gyaɗa da auduga da kuzan Jos suka riƙa gangarawa bakin teku a farashin da mai saye ya yanka. Wannan shafin ba a taɓa sa shi a littafi ba. Shi ya sa in an ce a yafe mana bashi, ni ban ɗauke shi sadaka ba, ragi ne daga abin da muke bi.

Sai dai kada mu yaudari kanmu. A 2005, zamanin Obasanjo, ƙasashen Paris Club sun yafe wa Najeriya dala biliyan 18, muka biya kusan 12. Yau bashin ya dawo har ya zarce na da, kuma ba Bature ne ya sa hannu a madadinmu ba. Wanda ya ce zuba ruwa a fasasshen tulu asara ne, yana da hujja. Amma fa manomin Loko da ruwa ya cinye masa shinkafa bai ci kuɗin nan ba. Yana bin shugabanninsa, yana bin masu hayaƙi, ɗaya ba ya goge ɗaya.

Abin da ya fi damuna yana kusa. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ta nuna yafewa ta fi alheri. A cikinmu akwai masu bin manoma kuɗin taki da magani, gonakin kuwa ruwa ya shanye su. Da wane baki za mu nemi Faransa da Ingila su sassauta, mu muna aika yara ƙofar gidan mutum kullum?

Mai irin wannan bashi, da wanda ake bi, su same ni bayan la'asar. Liman ya yarda zai zauna da su, ba tare da an kira sunan kowa a lasifika ba.