Turmin Atamfar Da Na Bayar

Yau kaina zan fara tona wa asiri kafin in taɓa kowa.

Wata shekara ana gab da ƙaramar Sallah na ɗauki turmin atamfa sabo fil na aika wa wata maƙwabciyata a nan Jega, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Na kwana ina jin daɗi, har ina ƙiyasta ladata. Bayan kwana uku sai ga labari wai ta ba dillaliya an sayar a kan kuɗin da bai kai wanda na saya ba. Wallahi raina ya ɓaci, na ce wannan ai rashin godiya ne. Da na kai ƙara wurin Inna sai ta kalle ni ta ce, "Ke 'yar nan, da kika aika, kin tambaye ta ko ta ɗora tukunya ranar?" Ashe gero ta auno da kuɗin, sauran ta sayo wa autanta maganin zazzaɓi.

To a nan wa ya yi kuskure? Na daɗe ina juya wannan tambaya. Niyyata mai kyau ce, kuma ina fatan Allah bai hana ni lada ba. Amma ni na zaɓar mata abin da ni nake sha'awa, ita kuwa mai ɗaki ce, ita ta san inda yake mata yoyo. Ribar dillaliya da faɗuwar kuɗin turmin duk daga bakin marayu suka fita, kuma ni na jawo. Da kuɗin na ƙulle mata a bakin zane, da ta ci moriyarsu gaba ɗaya.

Na san abin da wata za ta ce: in ka ba talaka kuɗi ɓarnatarwa zai yi. Wannan zargi an gwada shi a ƙasar Kenya, inda ƙungiyar GiveDirectly ke ba matalauta tsabar kuɗi ba tare da sharaɗi ba. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna abinci suka saya da dabbobi da kwanon rufi, ba a ga sun ƙara kashewa a giya ko taba ba. Akwai masu ɓarna, ba na musu, amma ke da kike gida ɗaya ko unguwa ɗaya da mace ai kin san halinta.

Sai kuma maganar lokaci, wadda ita ce aka fi sakaci da ita. Da azumi kowa mai kyauta ne, kunu da ƙosai har su yi wa almajiri yawa ya zubar. Da kaka ma haka, dami na shiga gidaje. Amma ki leƙa gidajen nan cikin watan Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, mudu ya yi tsada, sauro ya kwantar da yara. Nan ne wuta ke mutuwa a murhu ba wanda ya sani, domin mai mutunci ba ta fitowa bara. Mu da muke ƙasar albasa bai kamata a koya mana wannan ba: manomin Aliero ya san buhun da ya adana ya fitar bayan kaka ya fi wanda ya sayar a bakin gona daraja nesa ba kusa ba. Mudun sadaka ma haka yake. Ki ware shi da kaka, ki ɓoye, ki fitar da shi cikin marka. Ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar fadamun Kabi ta nuna mana haka. Makon farko kowa ya tausaya, yunwar kuwa sai da ta yi watanni tana bin mutane bayan an daina zancen.

Kada ki ce ba ki da shi. A Aliero akwai gidajen masu ɗori da ake kawo wa karyayyu daga garuruwa masu nisa, har da ƙetare. Mai karaya kan yi makonni a kwance, mai jinyarsa baƙuwa ce, guzuri ya ƙare, ba dangi. Kwanon tuwo ɗaya kullum da dare, a kan ƙa'ida, ya fi mata buhun da aka kawo sau ɗaya aka ɗauki hoto. Tun zamanin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, matan 'Yan Taru kan tattara ɗan abin da ke hannunsu su kai a raba wa mabukata, ga kuma duba marasa lafiya. Ba attajirai ba ne, haɗa hannu suka yi. Mu da muke zubin adashin biki, me zai hana kwasa ɗaya a shekara ta zama jarin wata bazawara?

Ita dai maƙwabciyar tawa, da na kwantar da kai na shiga ɗakinta, ba aike ba, na tambaye ta me za ta iya, cewa ta yi ta iya ƙuli-ƙuli tun tana budurwa, gyaɗa ce babu. Muka haɗu mu uku muka auno mata tiya biyar, muka yi alkawarin ba wadda za ta faɗa a gidan suna. Ta sha wuya da farko, har sau ɗaya jarin ya karye da yaro ya kwanta ciwo muka sake tayar da shi. Yanzu a wurinta nake sayen man gyaɗa, kuma ba ta rage mini ko kwabo.