Gafara da Adalci: Darasi Daga Rayuwar Waliyyiya Josephine Bakhita

A ranar 29 ga Oktoba, 2014, mayaƙan Boko Haram suka shiga Mubi. Mutanen Digil da na sauran unguwanni suka watse, waɗansu suka nufi Yola, waɗansu suka haye duwatsu zuwa Kamaru. An ƙwato garin a watan Nuwamba na shekarar, jama'a suka komo, aka gyara majami'u. Amma gyaran bango ya fi gyaran zuciya sauƙi. Har yanzu akwai mai bi da ke durƙusawa a gaban bagadi alhali zuciyarsa tana ɗauke da sunan wanda ya cuce shi. Tambayarsa mai nauyi ce: in ya gafarta, bai ci amanar waɗanda suka mutu ba? In kuwa ya ƙi, yaya addu'arsa za ta yi rai?

Ikilisiyar Katolika tana da 'yar Afirka da ta sha irin wannan ɗaci. An haifi Josephine Bakhita a yankin Darfur na Sudan wajen shekarar 1869. Tana ƙarama masu farautar bayi suka sace ta, tsananin firgici ya sa ta manta da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Su ne suka laƙaba mata Bakhita, wato mai sa'a. An sayar da ita sau da dama, a wani gida kuma aka tsattsaga jikinta aka cusa gishiri a cikin raunukan. A ƙarshe wani jami'in jakadancin Italiya, Callisto Legnani, ya saye ta a Khartum, ya tafi da ita ƙasarsu a 1885.

A birnin Venis ta zauna wurin Sistocin Kanosa, inda ta ji labarin Yesu Almasihu. Da uwargijiyarta ta so mayar da ita Sudan, sai ta ƙi. Maganar ta kai kotu, kuma a 1889 aka yanke hukunci cewa ita 'ya ce, ba baiwa ba. Ta karɓi baftisma ranar 9 ga Janairu, 1890, ta yi alkawarin zama sista a 1896. Daga baya ta shaida cewa ba ta riƙe waɗanda suka sace ta a zuci ba, domin ta wannan baƙar hanya ce ta kai ga sanin Ubangiji.

A nan amsar take. Bakhita ta gafarta, duk da haka ta tsaya a kan 'yancinta har gaban alƙali. Gafara ba ta mayar da mugunta ta zama daidai, ba ta kuma hana hukuma yin aikinta. Abin da take yi shi ne ta ƙwace wa mai laifi ikon da yake da shi a kan zuciyar wanda ya cuta. Saboda haka gwauruwar da ta yafe ba ta ci amanar mijinta ba. Tana iya neman adalci, ta bar ramako a hannun Allah.

Wani zai ce wannan sai waliyyai. To, amma tsarkin Bakhita bai sauko a dare ɗaya ba. Tun daga 1902 ta zauna a garin Schio tana dafa abinci, tana gyara kayan bagadi, tana tsaron ƙofa, har ta rasu ranar 8 ga Fabrairu, 1947. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa ta cikin waliyyai a shekarar 2000. Da ƙananan ayyuka da addu'ar kullum raunin ya warke, gama sannu ba ta hana zuwa.

Irin wannan 'ya'yan itace ya bayyana a Adamawa. Bishop Stephen Dami Mamza ya karɓi dubban 'yan gudun hijira a harabar Majami'ar Waliyyiya Teresa da ke Yola, a 2021 kuma aka buɗe gidaje 86 da ya gina musu a Sangere Marghi, tare da majami'a da masallaci. Ya tuna cewa wutar ta ci Kirista da Musulmi, kamar yadda harin da aka kai wani masallaci a Mubi a Nuwamba 2017 ya nuna.

Iyalin da ke son rayuwarsu ta ruhaniya ta yi ƙarfi su fara daga gida. Su taru da dare a kan addu'ar Rosari, su ambaci waɗanda suka rasu, sa'an nan su roƙi tuba ga waɗanda suka cuce su. Wanda ya ji bakinsa ya yi nauyi ya kai wa Fada damuwarsa a wurin furta zunubi, ya roƙi ko da niyyar yafewa ce. Iyaye kuma su lura da abin da suke faɗa a gaban yara game da maƙwabta, domin ƙiyayya ma gādo ce.

Allah Ya ba masu bi na Digil da Mubi zuciya irin ta Waliyyiya Bakhita. Amin.