Riƙon Karen Da Aka Yasar: Ladansa Da Iyakokinsa A Shari'a

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halicci mutum da dabba kuma Ya ɗauki nauyin arzikin kowannensu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, tunatarwarmu ta wannan fitowa a kan wani al'amari ne da ke faruwa a idonmu kullum, a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, muna wucewa ba mu tankawa. Karya takan haihu a gida, maigida ya ga ƴaƴan sun yi masa yawa, ya sa yara su zuba su a buhu su kai juji bayan gari. Wani kuma ya tashi ci-rani ko ya yi ƙaura, ya bar karen da ya shekara yana yi masa gadi, ba ci ba sha. Daga nan sai ka tarar da yara sun kewaye shi da duwatsu, manya suna zaune a ƙofar masallaci suna kallo, domin a ganinsu kare ba ya da wani hakki. Wannan gani kuskure ne, kuma wajibi ne mu gyara shi.

Allah (S.W.T.) Ya sanar da mu a Suratul An'am, aya ta 38, cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma. A Suratul Ma'ida, aya ta 4, Ya halatta mana cin abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo. A Suratul Kahfi kuma, wadda muke karantawa kowace Juma'a, an ambaci karen samarin nan muminai yana kwance a bakin kogonsu.

Imamu Malik da Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) labarin wani matafiyi da ƙishirwa ta tsananta gare shi, ya shiga rijiya ya sha. Da ya fito sai ya ga kare yana lallagi, yana cin danshin ƙasa saboda ƙishirwa. Sai ya koma cikin rijiyar, ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe shi da baki ya hauro, ya shayar da karen. Allah Ya gode masa, Ya gafarta masa. Da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Manzon Allah (S.A.W.) ya tabbatar musu da cewa akwai lada a kan kyautata wa duk mai rai. Haka kuma ya inganta cewa an gafarta wa wata mazinaciya daga Bani Isra'ila saboda kare da ta shayar, an kuma azabtar da wata mata saboda kyanwa da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba har ta mutu. To, wanda ya ɗaure buhu da kwiyakwiyai masu rai ya jefar a rana, ya duba da kyau ya ga wace daga cikin matan nan biyu ya fi kusa da ita.

Mun sani wani zai ce: ai an hana ajiye kare. Gaskiya ne hadisi ya zo cewa wanda ya ajiye kare ba na farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kowace rana, ƙiraɗi ɗaya a wata ruwaya, biyu a wata. Ya kuma zo cewa mala'iku ba su shiga ɗakin da kare yake ciki. Ba mu musun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Amma hanin ajiye shi don wasa da ƙawa bai zama izinin azabtar da shi ba. Sannan a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai tsarkakakke ne, har da miyansa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ruwanta bauta ce da aka umurce mu da ita. Shafi'iyya ne suke ɗaukarsa najasa mai kauri. Malamai masu sharhin Risala sun kawo cewa shi kansa marubucinta, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron kada a cutar da shi. Da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi hakan, ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. Daga nan malamai da yawa suka haɗa karen gadi da na kiwo da na gona idan buƙata ta tabbata.

Abin da muke kira gare shi shi ne riƙo. Bahaushe ya san riƙo: ka karɓi abin da ba naka ba, ka kula da shi, har ya isa hannun wanda ya dace. A ƙasashen Turai da Amurka an daɗe ana yin haka da karnukan da aka yasar. A birnin Landan akwai gidan tara su a unguwar Battersea, wanda asalinsa ya faro tun 1860. Irin waɗannan gidaje sukan miƙa kare ga wani iyali na ƴan makonni ko watanni, ya warke, ya yi ƙiba, ya saba da mutane, sannan a nema masa mazauni na dindindin. Ba mu kira ga al'adarsu ta kwana da kare a gado ko sumbatarsa. Abin ɗauka shi ne tsarin, alhali kuwa tausayin da ke ƙarƙashinsa addininmu ya riga ya koyar da shi.

Amfani na farko shi ne lada. Idan shayarwa sau ɗaya ta jawo gafara, yaya ciyarwar wata guda? Kuma ba ta buƙatar dukiya: ƙanzon tukunya, da ragowar tuwon jiya, da ruwa a tsohon kasko, da inuwa a bayan gida ko a garka.

Na biyu, akwai masu buƙatar karen nan ta hanyar halal. Makiyayin da dila ke ɗauke masa ƴan awaki, da mai lambun da ɓarayi ke shiga da dare, da mafarauci mai neman abincin iyalinsa, duk suna nemansa. Ƴan'uwanmu Buzaye da Fulani a ƙasar Azawak, arewa da Tawa, sun san darajarsa, har duniya ta san wani irin kare dogo siriri da sunan wannan ƙasa. Hausawa sun ce ba a kiwon kare ranar farauta. Kwikwiyon da ka riƙe wata biyu ko uku, shi ne gobe zai tsare garken wani Musulmi. A ba da shi kyauta, domin an yi hani ga cin kuɗin kare, kuma shi ne mashhurin mazhaba.

Na uku, kiyaye rayukan ƴaƴanmu. Karen da ba ya da mai shi ba wanda zai kai shi allura, kuma ta irinsa ciwon haukan kare ke yaɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe kimanin mutum 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allurar rigakafi, ciwon yakan yanke. An gwada haka a birnin Injamena na maƙwabciyarmu Cadi a 2012 da 2013, ciwon ya ragu ƙwarai a tsakanin karnukan birnin. Duk karen da ya fita daga juji ya shiga hannun mai kula da shi, aka yi masa allura, ƙofa ɗaya ce ta cuta aka toshe.

Na huɗu, tarbiyya. Yaron da ya tashi yana jifar kwikwiyo ana yi masa dariya, zuciyarsa tana bushewa tun yana ƙarami, kuma bushewar ba za ta tsaya kan dabba ba. Wanda kuwa mahaifinsa ya aike shi ya zuba wa dabba ruwa don Allah, ya koyi darasin da zai amfani ƙannensa da maƙwabtansa.

Sai dai riƙon yana da sharuɗɗa. A fara cigiya a unguwa, domin wataƙila ɓata ya yi, mai shi yana nemansa. A kai shi wurin likitan dabbobi kafin ya cuɗanya da yara da bisashe. A keɓe masa wuri a wajen ɗakunan kwana da wurin salla, da kwanonsa daban. Kada a ɗaure shi cikin rana, kada kuma a sake shi ya firgita maƙwabta da masu zuwa sallar asuba, domin hakkin maƙwabci yana gaba. Wanda ba ya da hali ko wuri, babu laifi a kansa. Ya isa ya ajiye ruwa a ƙofar gida lokacin bazara, ya kuma tsawata wa yara.

Karen da aka ga miyau na dalala daga bakinsa, yana cizon duk abin da ya tarar, ko muryarsa ta sauya, ba a riƙonsa. A nisance shi, a sanar da hukuma. Shari'a ta halatta kashe kare mai cizo, amma a yi shi da gaggawa, ba da azaba ba. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a kai shi asibiti a ranar don allura. Kada a tsaya jiran alama, domin idan alamun ciwon suka bayyana, da wuya ƙwarai mutum ya tashi. Neman magani ba ya warware tawakkali.

Muna kira ga limamai su ambaci wannan a huɗuba, da malaman makarantun allo su hana almajirai jifar dabbobi, da masu unguwanni su haɗa kai da ma'aikatan kiwo a lokacin allura. Muna kira ga duk wanda karyarsa ta haihu ya nema wa ƴaƴan masu karɓa tun kafin a yaye su. Babu wanda ya san aikin da Allah zai gafarta masa da shi. Mutumin da ya shiga rijiya bai san za a riƙa ba da labarinsa a masallatai har yau ba.

Allah Ya sanya tausayi a zukatanmu, Ya gafarta mana abin da muka zalunta na halittunsa da sani ko da jahilci, Ya kare ƴaƴanmu da dabbobinmu daga cuta, Ya ba ƙasarmu damana mai albarka da zaman lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.